BINDIGA ARBA'IN DA BINDIGA ƊAYA



A watan da ya wuce na karanta labarai huɗu na matasan cikinmu, uku daga ciki akwai bindiga. A ɗayansu, budurwar da ko kaza ba ta taɓa yankawa ba ta tsinci bindigar ɗan fashi a ƙasa, ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta harbe mutum uku cikin duhun dare, kowannensu a goshi. Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin wannan tunanin bai tsaya a cikin littafi ba. Ku zauna a kowace majalisa a Kaduna tun bayan harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris 2022, za ku ji wani ya ce maganin abin nan ɗaya ne, kowa ya nemi bindiga. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta ce wa jama'arta su nemi lasisi su mallaki makami. Duk wanda ya san abin da mutanen karkara ke gani ba zai yi musu dariya ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, idan an samu bindigar, wa zai koya wa mai riƙe da ita?

A layinmu a Unguwar Sanusi akwai wani dattijo, tsohon saje, wanda ya yi yaƙin basasa. Allah Ya yi masa rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Wata shekara da sace-sace suka yi yawa, samarin layin suka haɗa sintirin dare, wani ya zo da bindigar toka daga ƙauyensu. A dare na uku, suna zaune kan benci ana hira, mai ita ya jingine ta a cinya yana wasa da kunama, sai ta tashi. Allah Ya taƙaita, ƙafar abokinsa ta samu. Har yau yana ɗingishi. Da safe na je gaida dattijon, na ce, "Baba, kun ji abin da ya faru?" Ya ce, "Na ji, ɗana. Ai ɓarawo bai zo ba, amma ga shi an yi ɓarna. Ni sai da na yi makonni ina ɗaukar bindiga babu harsashi kafin a yarda in harba ko ɗaya, kuma a zamanin yaƙi ne da ake gaggawa." Maganar nan ce ta sa na koma bin tarihin bindiga a ƙasarmu, kuma abin da na tarar ya gaskata shi tun daga farko har ƙarshe.

Kalmar kanta baƙuwa ce, daga Larabci muka aro ta, "bunduƙiyya". Farkon wanda tarihin wannan yanki ya nuna ya ci amfaninta sosai shi ne Mai Idris Alooma na Borno, a ƙarshen ƙarni na 16. Limaminsa Ahmad ibn Fartuwa, wanda ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙensa, ya lissafa samun ƙwararrun maharba Turkawa da kuma bayin gida da suka gwanance wajen harbi cikin ni'imomin da Allah Ya yi wa Mai. Ku lura da abin da malamin ya ga ya isa a rubuta. Mutanen da suka iya ya ambata, da waɗanda aka koya wa har suka iya. A Kano kuwa, littafin tarihin sarakunanta ya ce a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo garkuwa da bindigogi daga Nufe, amma sai a zamanin Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, aka fara samun sarkin da ke da rukunin 'yan bindiga na tsaronsa. Tsakanin shigowar makami da samun mutanen da aikinsu ke nan an ɗauki shekaru masu dama.

Dalilin yana cikin yanayin bindigar lokacin. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna, a zuba harsashi, a sake dannawa, sannan ƙanƙara ta ba da wuta. Idan albarushi ya yi kaɗan, harsashi ya faɗi kusa. Idan ya yi yawa, bututun ya tsage a hannun mai shi. Damina ta jiƙa shi, ba ta tashi. Kafin ka sake ɗuri sau ɗaya, gwanin baka ya saki kibiya da yawa. Kowa ya san ruwayar nan ta Sarkin Gobir Yunfa, da ya kira Shehu Usmanu fadarsa a Alƙalawa ya ɗana masa bindiga, sai wutar ta komo ta ƙone shi. Mutanenmu na lissafa wannan cikin karamomin Shehu, kuma kariyar Allah ce babu shakka. Amma labarin yana kuma nuna mana irin makamin da ke hannun sarakuna a lokacin, makamin da ke iya juyowa kan ubangidansa. Da aka haɗu a Tabkin Kwatto a watan Yuni 1804, kwari da baka ne suka ba jama'ar Shehu nasara a kan dawakin Gobir.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani yaƙi da Baturen nan Clapperton ya gani da idonsa a watan Oktoba 1826, lokacin da ya tarar da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye garin Konya na Gobirawa. Ya ce runduna ce ta dubban mutane, amma bindigogin da ke cikinta arba'in da 'yan kai ne, a hannun bayi. Yadda suke yi shi ne, mutum ya ruga kusa da ganuwa, ya saki wuta, ya juya da gudu zuwa inda kibiya ba ta kaiwa domin ya sake ɗuri. Na tabbata kun ji sunan da muke kiran irin wannan bindiga har gobe, harba-ka-ruga. A cikin garin kuwa, bindiga ɗaya tak aka ji tana tashi. Mai ita bai yi ta ɓarin wuta ba, jira ya yi har 'yan lifida suka matso, ya kayar da na gabansu. Aka wuni ba a shiga Konya ba. Arba'in sun yi ƙara sun tayar da hayaƙi, ɗaya ta yi aiki, domin mai ita ya natsu ya san lokacin da zai harba.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta yawaita. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar fataucin Tarabulus, ya sa ana haɗa albarushi a Zinder, har igwa maƙeransa suka zuba. A Kano da Zazzau sarakuna suka kafa rukunan 'yan bindiga daga cikin bayin fada, domin ba sa son makamin ya shiga hannun hakimai. Manyan mayaƙa kuma ba su damu da ita ba, su a wurinsu jarunta tana kan doki da takobi da mashi. Wannan ya sa bindiga ta zama kayan bayi da kayan kwarjini, ana jin ta ranar hawa, amma ba a gina tsarin yaƙi a kanta ba.

Wanda ya zo da wani salo dabam shi ne Rabe. Ya taso ne cikin rundunar Zubairu Fasha a Sudan, inda ya koyi tsarin sojan Masar. Ya kasa mutanensa tuta-tuta, kowace da shugabanta, ana yi musu fareti ana duba makamansu. Da 'yan dubban mayaƙa ya karya rundunar Borno da ta ninka tasa a 1893, ya ƙone Kukawa, ya zauna Dikwa har Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Borno tana da bindigogi a lokacin. Abin da Rabe ya fi ta shi ne mutanen da suka saba tsayawa sahu su yi harbi tare da umarni guda.

Yanzu mu zo wurin da ke da ɗaci. Idan ana ba da labarin zuwan Turawa, akan ce sun ci mu da bindiga mai ruwa. Gaskiya ne sun fi mu makami, kuma sun tsare wannan fifiko da gangan, domin yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka yi a Brussels a 1890 ta taƙaita sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani. Amma su wane ne ke riƙe da bindigogin Turawan? A 1863, a Ikko, wani hafsan jiragen ruwan Ingila mai suna Glover ya tattara wasu bayi Hausawa da suka gudo daga iyayengijinsu, ya fara koya musu fareti da harbi. Daga wannan 'yar ƙungiya, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa. An kai su yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874. Sunan "Hausa" ya zama kamar sunan soja a bakin teku, har harshenmu ya zama harshen bariki. Saboda haka rundunar da Lugga ya turo Arewa, in ka cire 'yan tsirarun hafsoshi da sajoji farare, baƙaƙe ne irinmu, da yawansu Hausa suke ji. Bayin da aka raina jiya, su aka mayar soja da horo na yau da gobe.

Abin da aka koya musu ba shi da yawa, maimaici ne ya sa ya zauna. Su tsaya sahu mai kusurwa huɗu, kowane gefe yana fuskantar waje, masu ɗaukar kaya a tsakiya. Kada wanda ya harba sai an ba da umarni. Su harba tare, su yi saiti ƙasa-ƙasa. Kada wanda ya bar wurinsa ko da doki ya iso gabansa. Da wannan tsari sojan kamfanin Neja kimanin ɗari biyar suka ci Bida a watan Janairu 1897, gaban dubban dawakin Nufe.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso Kano da soja ɗari bakwai da 'yan kai, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Sarki Alu yana Sakkwato. Ganuwar Kano ta ba Turawa mamaki, suka gwada Ƙofar Dukawuya ta gagara, sai suka koma Ƙofar Kabuga suka fasa. Akwai 'yan bindiga a kan ganuwar, kuma sun yi ta harbi, amma waɗanda suka samu daga cikin maharan 'yan kaɗan ne, alhali Kanawa sun rasa ɗaruruwa, har da Sarkin Shanu da ya tsaya a gidan sarki bai gudu ba. Bayan an shiga gari, Turawa sun tarar da bindigogi da harsashi da albarushi jibge. A ƙarshen watan, kusa da Kwatarkwashi, Laftanar Wright da soja arba'in da 'yan kai suka yi kiciɓis da rundunar Kano da ke dawowa ƙarƙashin Waziri Ahmadu. Suka ja sahu, dawaki suka yi ta kawo hari har kusan awa biyu, wasu suna faɗuwa taku kaɗan daga bakin bindiga, sahun bai tsinke ba. Nan Waziri ya yi shahada. Babu mai cewa Kanawan nan ba jarumai ba ne, wanda ya sukwano doki ya tunkari wuta sau da yawa ba ya bukatar shaida. Haka aka yi a Giginya ranar 15 ga Maris, haka kuma a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya cika tare da jama'arsa.

Mai musu zai ce, ai duk wannan ƙarfin makami ne, horo bai da hannu a ciki. To, ga Satiru. Ƙauye ne kudu da Sakkwato, tafiyar 'yan awoyi, inda talakawa da bayin da suka gudo suka taru suka ƙi biyayya. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 Razdan Hillary ya nufi can da sojan doki kimanin saba'in, da niyyar ya yi magana da su. Ya wuce gaba ya bar sojan a baya. Da mutanen gari suka taso, Laftanar Blackwood ya ce a ja sahu, sannan ya ga Razdan yana waje, ya ce a matsa a tarbo shi. Ana cikin wannan kai-komo, wasu na kan doki wasu na ƙasa, dawaki suka firgita, jama'a suka auka musu da gatari da fartanya da baka. Turawa uku suka mutu, da soja ashirin da biyar, bindiga mai ruwa ma aka ƙwace ta ba ta yi wani aiki ba. Makaman nan su ne dai na Kwatarkwashi. Tsari ne ya warware na ɗan lokaci, sai ga fartanya ta rinjayi bindigar zamani.

Sai dai labarin Satiru bai ƙare nan ba, kuma ragowarsa na ɗauke da darasi na biyu. Ranar 10 ga Maris aka dawo da runduna ta ɗaruruwan soja, a wannan karo cikin cikakken tsari. An kashe mutane kimanin dubu biyu, aka rushe garin, aka hana sake zamansa. Ƙwarewar da ta hana soja ruɗewa ita ce kuma ta sa kisan ya yi muni haka. Iya riƙe bindiga ba ya mayar da mutum adali. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Garinmu Kaduna da soja aka fara shi. Tun wajen 1913 aka fara kwaso rundunar daga Zungeru, kafin hedikwatar Arewa ta tare a 1917. A 1924 aka buɗe dafo na Zariya, inda har yau ake mayar da farar hula kurtu, kurtu kuma soja. Daga irin wannan horo aka samu mutane kamar Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara aiki da Jamusawa a Kamaru, ya dawo ɓangaren Ingila, ya yi yaƙin duniya na biyu har Bama, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa. Idan kun ji ana cewa barikin Dalet ko barikin Kalapanzin a nan Kaduna, sunayen wurare ne a Bama inda kakanninmu suka gwabza da Japanawa. Manoma ne daga ƙauyukan Katsina da Zazzau da Bauchi, da yawansu ba su taɓa ganin teku ba, aka koya musu har suka tsaya gaban ɗaya daga cikin rundunonin da duniya ke shakka a lokacin.

Bayan samun 'yancin kai, shekarar 1964 ta kawo wa Kaduna abu biyu a tare. A Kakuri aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON, da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner. A watan Fabrairu kuma aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA, da malamai daga Indiya ƙarƙashin Birgediya Varma. Wuri ɗaya na ƙera ƙarfen, ɗaya na gyara wanda zai riƙe shi. Bindiga kan fito daga masana'anta cikin ɗan lokaci, amma kurtu na yin wata shida a Zariya, hafsa kuma shekara huɗu zuwa biyar a NDA. Wannan bambancin lokaci kaɗai ya isa ya nuna wanne ne ya fi wuyar samu.

A wannan gari ne kuma aka ga iyakar horo. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu babban malami ne a kwalejin horar da soja ta Kaduna. Da sunan rawar dajin dare, wadda aka sa wa suna Damisa, ya fitar da soja a daren 14 wayewar 15 ga Janairu 1966, ya kai su gidan Sardauna Ahmadu Bello. Yawancin ƙananan sojan sun fita ne a kan atisaye za su. An kashe Firimiya da uwargidansa Hafsatu, an kashe Birgediya Ademulegun da matarsa, da Kanar Shodeinde. Wanda aka ba amanar koyarwa shi ya juya ilimin kan waɗanda aka ce ya tsare. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, har zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da sojan ƙasar ya tashi daga kimanin dubu goma zuwa kusan dubu ɗari biyu da hamsin, aka matse horon watanni ya koma na makonni. Dattijon layinmu cikin waɗannan yake. Ya taɓa ce mini abin da ya fi ba shi tsoro a fagen daga shi ne sabon kurtun da ke bayansa, yatsa a kan kunama, jiki na rawa.

Idan muka haɗa waɗannan labarai, horon kirki hawa uku ne. Na farko na hannu ne, wato sanin makamin, tsabtace shi, ajiye shi inda yaro ba zai kai ba, ɗaukar kowace bindiga a kan cewa a ɗure take, da hana bakinta kallon abin da ba ka nufa ba. Wannan hawa ne samarin layinmu suka tsallake. Na biyu na zuciya ne, natsuwar da maimaici ke haifarwa, irin ta mai bindiga ɗaya a Konya. Mai tsoro shi ke fara harbi, shi ke harbin inuwa, shi ke harbin maƙwabcin da ya fito fitsari da dare. Na uku na doka ne, sanin wa ke da ikon ba da umarni, yaushe ya halatta, kuma gaban wa za a amsa tambaya idan an yi kuskure. Satiru da daren Janairu sun nuna abin da ke faruwa idan an samu biyun farko babu na ukun. Duka ukun kuwa babu wanda mutum ke koya wa kansa a bayan gida ko a bidiyon waya. Sai da malami mai tsayawa a kanka, ya ga kuskuren da kai ba ka gani, ya tsawata tun abin bai zama jini ba. Maharbanmu na gargajiya ma sun san haka, yaro kan daɗe yana bin ubangidansa daji yana ɗaukar masa jaka kafin a miƙa masa makami.

Dokar makamai ta Nijeriya, ta 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na kai waɗanda sufeto janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, akwai kuma masu ɗurin baki irin bindigar toka, waɗanda su ma sai da izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Mutane da yawa ba su san na ƙarshen nan ba. Gwamnatocin jihohinmu kuma sun fara gane cewa barin 'yan sa-kai kara zube ya ƙara wa wutar Zamfara fetur, domin wanda aka kashe wa ɗan uwa ba bisa ƙa'ida ba daji yake shiga. Shi ya sa Kaduna ta kai dubban 'yan sintirinta kwalejin 'yan sanda a 2023, Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a watan Oktoba na shekarar, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairu 2024. Mataki ne mai kyau, amma tarihi na da tambayoyin da zai yi musu. Horon na mako nawa ne? Ana sabunta shi ko daga ranar bikin yaye shi ke nan? Wa ke ƙirga harsashi idan an dawo daga aiki? Idan ɗan sintiri ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba, ina uwar mamacin za ta kai kuka? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma waɗanda muke turawa daji 'ya'yan mutane ne, suna da hakkin a shirya su kafin a tura su.

Akwai wani abu a harshenmu da ya kamata marubuci ya tsaya a kansa. A zamanin Babba Zaki, idan an ce 'yan bindiga, ana nufin rukunin fada masu shugaba da tsari, irin waɗanda har yau muke gani gaban sarki ranar hawan sallah a Kano da Zariya da Katsina. Yau idan rediyo ta ce 'yan bindiga, gaban kowa faɗuwa yake. Kalma ɗaya ce, ta tashi daga mai tsaron sarki ta koma kan mai satar mutane, kuma tafiyar tata ita ce tafiyar makamin daga hannun da ke da mai tsawata masa zuwa hannun da ba shi da kowa a sama.

Saboda haka 'yan uwa, idan za ku sa bindiga a labari, ku ba ta nauyinta. Tana da nauyi a hannu, tana dukan kafaɗa, ƙararta na toshe kunne, wanda bai saba ba kuma hannunsa rawa yake. Idan tauraronku gwani ne, ku nuna mana wanda ya koya masa da abin da ya sha kafin ya iya. Idan bai iya ba, ku bar shi ya yi kuskuren da marasa iyawa ke yi, labarin zai fi kama da gaskiya kuma zai fi taɓa zuciya. Ku nemi tsofaffin sojan da suka rage a unguwanninku, ku zauna da su tun suna nan, ni na yi sakaci da nawa har ya tafi da mafi yawan abin da ya sani. Yaran da ke karanta mu a waya su ne ake ɗauka aikin sintiri, kuma abin da muka nuna musu a kan bindiga yana iya bin su har kan benci irin na layinmu.

Wanda ya ga gyara a cikin abin da na kawo, ƙofa a buɗe take. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.